Tsohon da Ke Tsaye da Ƙafa Ɗaya

Felicity Marchbank maƙaryaciya ce, kuma ta san da haka. A ƙasa ta zauna, a inuwar bishiyar da ke bayan gidan Olive Napangardi a Rijiyar Harkin, ta sha shayi a kofin gwangwani, ta share hawaye da gefen rigarta, ta ce ba za a nuna komai a talabijin ba sai iyalin sun ce a nuna. Ba Olive kaɗai ta ji ba, mata da yawa suna wurin. Sanyin shekarar bai gama wucewa ba aka nuna.

Wanda ake maganar a kansa ƙanen Olive ne. Ba za a faɗi sunansa a nan ba. Kumanjayi ake cewa, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya rasu, har da masu irin sunansa da ke raye, sai ranar da aka gama makoki. Tun yana saurayi 'yan fim ke zuwa hamada nemansa, kuma aikin kullum ɗaya ne: ya tuɓe riga, ya ɗaura bante, ya riƙe mashi, ya hau dutse ya tsaya da ƙafa ɗaya yana kallon nesa, ya yi shiru. Ya yi wa masu fim ɗin yaƙi, ya yi wa masu tallan mota. In ya dawo gida sai ya tara mutane a bakin wuta ya kwaikwayi daraktan, yadda yake dafe ƙirji yana cewa, “Dubi nesa, tsoho, dubi kakanninka,” shi kuwa a lokacin tunanin batirin motarsa yake. Olive ta sha yin dariya har sai ta kwanta a ƙasa.

Da Felicity ta zo da shirinta na barkwanci mai suna A Sake Ɗauka, wanda ke yi wa 'yan fim ba'a, shi ne ya ba ta wannan labarin, ita kuma ta gina kashi guda na shirin a kansa. Darakta na tsaye yana kuka saboda kwarjinin tsoho a kan dutse, sai waya ta yi ƙara daga cikin bante. Tsoho ya zaro ya kara a kunne ya ce, “Edna, ajiye min wutsiyar kangaru, kar yaran nan su cinye.” Sannan ya dubi darakta ya ce wannan ƙafar ta tashi daga aiki, sai dai a ci gaba da ɗayar. Edna sunan matarsa ne na gaskiya. Jininsu ya haɗu da Felicity har ya ba ta sunan dangi, Napanangka, wanda 'yarsa Loretta ke da shi. Daga ranar Baba take ce masa.

Ciwon ƙirji ya ɗauke shi bayan sun tafi. Aka yi abin da ake yi. Aka turara gidan da hayaƙi, aka kwashe hotunansa, Edna ta aske kanta, ta shafa farar ƙasa, ta koma zangon mata ta shiga takaba, ta rufe bakinta. Da hannu take magana, kuma haka za ta zauna sai dangin mijinta sun buɗe mata baki. A cikin wannan zaman ne Felicity ta zo ta'aziyya ta yi alkawarin da ta yi.

Da shirin ya zo ya wuce kamar sauran, da an daure. Mutanen garin masu talabijin a gida sun kashe a ranar, shi ke nan. Amma akwai wasu mutane a Sydney da Melbourne da ba su da aikin yi sai su kalli abu su rubuta ko ya yi musu daɗi. Babbansu wani ne Hamish Tolland. Shi ya rubuta a jarida cewa bai ga rabin awa mai kyan wannan ba a bana, cewa yau dai talabijin ta mutunta 'yan asalin ƙasa, cewa tsohon nan ya cancanci lambar yabo. Ya sa hoton ya cika rabin shafi, ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe. Baturen da ke kula da kantin gari, don ya faranta wa mutane rai a ganinsa, ya yanke shafin ya manna a ƙofa. Edna ta zo sayen ganyen shayi ta yi ido biyu da mijinta.

Loretta ce ta yage takardar, amma waya ba ta yaguwa. Tunda masu sharhi suka yaba, aka gutsuro wurin nan na shirin aka watsa a wayoyi. A layin asibiti, a filin ƙwallo, a motar 'yan kwangila masu gyaran famfo, ko'ina sai ka ji muryar mamaci na cewa, “Edna, ajiye min wutsiya.” An ce a birni har a riga ake bugawa. Edna ta daina fita. Daga baya ta daina cin abinci sai shayi. In mota ta tsaya kusa da zango sai ta toshe kunnuwa ta cusa kai cikin bargo.

Sai kuma ga wata, Dakta Imogen Rask, ta fito ta ce Hamish bai san abin da yake faɗa ba. Ta ce an ci zalin tsohon, an sa shi a gaban kyamara bai san dariyarsa ake yi ba, bawan Allah mutumin ƙauye. Su biyun suka yi ta musu a rediyo, wannan ya kira sunan, waccan ta kira sunan, kamar masu jifan juna da shi. Loretta ce ke saurara a ɓoye ta zo ta faɗa wa goggonta abin da aka ce, ta tsallake sunan.

“Bai sani ba?” in ji Olive. “Wai shi ne bai sani ba?”

“Haka ta ce, Goggo. Wai tausayinsa take ji.”

“Ta ajiye tausayinta ta dafa shayi da shi.”

Da labari ya zo cewa za a yi taron 'yan fim a Alice Springs, kuma Hamish da Imogen da Felicity za su zauna a gaban jama'a su tattauna wannan kashi na shirin, Olive ta tafi zangon mata. Ta zauna kusa da Edna ta faɗa mata. Edna ba ta ɗago kai ba. Ta miƙa hannu ta nuna gabas, ta taɓa bakinta, ta taɓa gwiwar Olive. Ba a buƙatar tafinta.

Loretta ce ta tuƙa. Hanyar duk gargada ce, Olive na gaba ta lulluɓa da bargonta mai ruwan toka, tana riƙe da burodin da aka gasa a toka, naɗe a cikin tsumma.

“Goggo, in mun isa ki bari in fara magana. Akwai yadda ake yi. Ana ɗaga hannu.”

“Zan ɗaga.”

“A jira kuma sai an kira mutum.”

“Wannan kuma ke za ki yi. Ke kika yi makaranta, an koya miki jira.”

“Kar ki zagi kowa dai.”

“Ni na taɓa zagin wani? Ubanki ne mai zagi, ni faɗa wa mutum sunansa kawai nake.”

Loretta ta yi dariya. Ta mai da ido kan hanya.

Da rana tsaka suka shiga zauren. Sanyin na'ura ya bugi Olive a gwiwa. Turawa ne cike da kujeru, da kofunan kofi a hannu, sai 'yan tsirarun baƙaƙe can baya. A kan dandamali mutum huɗu ne: mai gabatarwa, wani mai furfurar gemu da jan tabarau wanda Loretta ta raɗa mata cewa shi ne Hamish, wata doguwa mai gajeren gashi wadda ita ce Imogen, sai Felicity a gefe, ta rame kaɗan. Mai gabatarwa ta fara da gode wa masu ƙasar da dattawansu na da da na yanzu. Sannan ta gabatar da baƙi, ta ce, “Da kuma mai shirin, Felicity Napanangka Marchbank.” Aka tafa.

Olive ta dubi Loretta. Loretta ta dubi ƙasa.

“Kafin mu fara,” in ji mai gabatarwa, “bari mu sake kallon wurin nan da kowa ke magana a kai. Ina sanar da 'yan asalin ƙasa cewa akwai hoto da muryar wanda ya rasu.”

Ba ta rufe baki ba aka rage fitilu. Loretta ta rufe fuska da tafin hannu. Majigin yana kan wani tebur a tsakiyar hanya, haskensa ya miƙe zuwa bango. Olive ta tashi, idonta a ƙasa, ta bi hasken ta baya har ta isa teburin, ta cire bargonta ta rufe majigin ruf. Bango ya yi duhu. Muryar ta fara fitowa daga lasifika, kalma ɗaya, biyu.

“Kashe,” ta ce wa mutumin da ke zaune a wurin. “Kashe, ko in kashe maka.”

Ya kashe. Aka kunna fitilu.

“Anti,” in ji mai gabatarwa, muryarta a tausashe, “akwai lokacin tambayoyi a ƙarshe.”

“Na ɗaga hannu, ba ki gani ba saboda duhu. Ni yayarsa ce.”

Wani ya miƙo mata makirufo, ta ture. Muryarta ta saba kiran jikoki daga ƙetaren rafi.

“Kai mai jan tabarau, kai ne ka sa shi a jarida?”

Hamish ya gyara zama. “Ni ne, Anti. Ina miki ta'aziyya. Amma ki sani yabonsa na yi. Ban taɓa yabon wani haka ba. Na ce shi…” Ya buɗe baki zai faɗi sunan.

“Kar ka soma.”

Ya haɗiye.

“Ka yabe shi, na ji. Mutum ya kama hanyar komawa ƙasarsa, kana tsaye a baya kana ta ƙwala masa kira. Ka kira a jarida, ka kira a rediyo, ka sa duk ƙasar nan na kira. Ta ina zai wuce? Matarsa na zaune da farar ƙasa a jiki, ba ta da bakin da za ta ce a bari, kowane yaro da waya a hannu yana kiran sunanta da muryar mijinta. Wannan ne yabon?”

“Ban san haka ba,” in ji Hamish. Ya cire tabarau ya mayar. “Amma in faɗa miki gaskiya, ni aikina in kalli abin da aka riga aka nuna in faɗi ra'ayina. Ba ni na sa ranar ba. Kuma abin yana da kyau, ba zan ce ba shi da kyau ba. An kuma sa gargaɗi a farkon shirin.”

“Rubutu. An ce min an sa rubutu, ya zo ya wuce kafin mutum ya ajiye kofi. Ni ban iya karatu ba, Edna ma haka. Kuma me rubutun ya ce? Ya ce mu rufe ido a cikin gidanmu don ku yi dariya a naku. A waya kuwa ko rubutun babu.”

Imogen ta jawo makirufo. “Anti, abin da nake faɗa ke nan tun farko. Na ce an yi amfani da shi, an…”

“Ke kuma na zo kanki. Shi wannan ya cuce mu da yabo, ke kin cuce mu da tausayi. Kin ce bai san dariyarsa ake ba.”

“Na ce akwai bambancin ƙarfi tsakanin mai kyamara da wanda ke gabanta. Har yanzu ina kan wannan.”

“Ki zauna a kai, ban hana ki ba. Amma wasan nasa ne. Tun ba a haife ki ba yake yi mana shi a bakin wuta, da wayar da bantensa da komai, kafin ma a yi wayar, da takalmi yake karawa a kunne. Ku yake yi wa dariya. Kin ɗauki mutum mafi wayo a garinmu kin mai da shi wawa don ki ci wannan mai gemun a musu.”

Wani can baya ya yi dariya, ya kama bakinsa. Imogen ta rubuta wani abu a takardarta.

Hamish ya sake magana, a hankali. “To in nasa ne, ai ya so a gani. Mutum ba ya yin irin wannan don a ɓoye.”

Wannan maganar ta shiga Olive. Ta tuna shi ranar da aka gama ɗauka, ya dawo yana ɗingishi da gangan, yana cewa wannan karon har Firayim Minista sai ya san Edna.

“Ya so,” ta ce. “Ya so ƙwarai. Ni ma ina so. Kai ka gani, ita ta gani, mai sayar da man fetur a hanya ya gani. Ni ban gani ba, 'yarsa ga ta can ba ta gani ba. Da an jira an share sawunsa an gama makoki, an buɗe wa Edna baki, da ni da kaina zan sa a rataya farin zane a jikin kanti, in zaunar da ita kusa da ni, a gasa wutsiya, mu yi dariyar da ba ku iya ba. Jira kawai muka ce. Ba mu ce a ƙone ba.”

Sai ta juya ga Felicity, wadda tun da aka kunna fitilu ba ta ɗaga ido daga gwiwoyinta ba.

“Ke.”

“Goggo,” in ji Felicity, da ƙyar.

“Au, kin tuna.”

“Na yi ƙoƙari. Tashar ce ta tsayar da rana, suka ce in an wuce watan ba za a shiga gasar bana ba. Na so ya samu lambar, don shi. Na aika saƙo ofishin gari, ba a ba ni amsa ba, na ɗauka…”

“Ofishin gari ne ya ba ki shayi? A gaban ofis kika yi kuka? Kin san hanyar gidana, kin san bishiyar.”

Felicity ta fara hawaye. Mai gabatarwa ta ce wataƙila ya kamata a ɗan huta, a ci gaba da maganar a keɓe. Olive ba ta ko dube ta ba.

“Na ga wannan kukan, na san shi. Ba shi na zo nema ba. Ɗazu na ji an kira ki da suna, aka tafa. Wa ya ba ki?”

“Shi.”

“Shi. Kin ɗauka ɗan kunne ya ba ki, ki sa in za ki taro? Ya ce ke 'yarsa ce. Loretta, tashi su gan ki.”

Loretta ta tashi a tsakiyar kujeru, kanta a aske, ta tsaya.

“Ga mai irin sunanki. Ta aske kai, ta kwana a ƙasa, ta kwashe kayan ubanta, tana ɗebo wa uwarta ruwa. Ke kina yawo da sunan daga rediyo zuwa rediyo. To ba a riƙe rabi. Ko ki tsaya a gaban mutanen nan ki ce kin ajiye shi, ke ba kowa ba ce a wurinmu, in san da baƙuwa nake faɗa. Ko kuwa ke 'ya ce, ki tashi ki yi abin da 'ya'ya ke yi.”

“Me kike so in yi, Goggo?”

“Ki sa a sauke shi daga inda kuka rataye shi, har sai mun ce. Ki cire shi daga gasarku.”

“Na tasha zan iya roƙa. Na waya kuwa ya riga ya bazu, ba wanda zai iya…”

“Na san ya bazu, a kunnena ya bazu. Wannan ba ni za ki faɗa wa ba.” Ta koma wurin majigin ta dafa bargon, ba ta ɗauke ba. Ya yi ɗumi. “Kai mai jan tabarau, kana da shafi a jarida. Ka iya cika shi da fuskar mamaci, ka iya cika shi da cewa a daina. Ba suna, ba hoto. Ke ma Dakta, tunda kina da tausayi.”

Hamish ya ce zai yi magana da editansa. Imogen ta gyaɗa kai. Olive ta san irin wannan gyaɗa kan, ta gan shi a gindin bishiya.

“Motarmu na waje, fara, mai tsagaggen gilashi,” ta ce wa Felicity. “Akwai wuri a baya kusa da tayar safaya. Akwai wata mata a Rijiyar Harkin da ba ta cin abinci, kuma ba za ta iya tambayarki komai ba, sai dai ta dube ki. Za ki zauna a ƙasa a gabanta ki faɗa mata da bakinki dalilin da ya sa mijinta ke kiranta daga aljihun kowa. Ba tasha za ta faɗa ba, ba ofis ba, ba rubutu ba. Ba zan ɗauke bargon nan ba sai na ji. Tashi, Napanangka, ki zo ki amsa wa uwarki.”